Tawada a Wuyan Hannu

Gwaggo Asabe mai ƙosai ce ta fara nuna mini akwai matsala, alhali ko uffan ba ta ce ba. Ina zaune a teburina cikin ajin da aka ware wa mata, na ɗaga kai ta taga sai na ga tana sauke kasko daga kan wuta, mai yana tafasa, ƙullu bai ko kai rabin ƙwarya ba. Mutum uku na tsaye suna jiran ƙosai, ba ta ko dube su ba. Ta watsa wa wutar ƙasa, ta ja mayafinta, ta bi ta bayan makaranta da sassarfa. Mai sana'a ba ta tashi kasuwa na ci sai da dalili. Sai a lokacin na lura surutun layin maza ya ɗauke, kamar kaji in shaho ya gifta.

Ke ƙanwata Hassana, da ku ƙawayenta da kuka gama sakandare bana kuke ta cike fom ɗin aikin zaɓe, ku nake rubuta wa wannan. Na ji kuna cewa aikin yini ɗaya ne, a zauna a inuwa ana shafa wa mutane tawada. Ban girme ku da yawa ba, zaɓe uku kawai na yi wa aiki, kuma har yau in babura suka tsaya a ƙofar gida da yawa sai na tashi na leƙa. Ba don in hana ku nake rubutawa ba. Ina so ku je, amma ku je da sani.

Ranar da na fara aikin, a wata rumfa ce ta wajen Dutsi, kuma Allah ya haɗa ni da Malama Tabawa. Tsohuwar malamar firamare ce a nan Daura, ta yi aikin zaɓe tun zamanin 'yar tinƙe, lokacin da ake yin layi a bayan ɗan takara a ƙirga kawuna. Kafin mu taɓa kayan hukuma sai ta zazzage mini jakarta a kan tebur: biro uku, kowanne ɗaure da zare, tsumma, ruwa a gora, dabino a ƙulle. Ta ce, "Biro ɗaya za a ara ba za a dawo da shi ba, ɗaya zai ƙi rubutu, na ukun shi ne naki. Dabinon nan kuwa shi ne abincinki. Ko ɗan'uwanki ya miƙo miki fura a rumfa, kada ki sha. Gobe za a ce da fura aka saye ki."

Daga nan ta koya mini sauran. Akwati ana ɗaga shi sama a kifa, kowa ya ga babu komai a ciki, sannan a kulle. Takardar ƙuri'a ba a yage ta daga ƙunshi sai an buga mata hatimi a baya an sa hannu. Rajista ana bin ta da ɗan yatsa, ba da ido ba, domin a shafi ɗaya sai ki sami Hauwa Musa huɗu, kowacce da katinta. In kin sami sunan, ki ja masa layi nan take, kada ki ce sai anjima.

Mutanen kuma kowa da irin nasa. Manomi yatsansa a faffashe yake, in ya dangwala tawada sai ya kwaso ta kamar zai yi fenti, dole ki miƙa masa tsumma ya rage. Tsofaffin mata suna naɗe ƙuri'a ƙanana-ƙanana kamar laya, tawadar da ba ta bushe ba ta haura gidan wani ɗan takarar, ƙuri'a ta lalace. Sai kin nuna musu naɗin tsawo da hannunki a kan farar takarda. Akwai tsohon da sai ya gaya miki wanda ya zaɓa, ki toshe kunnenki. Akwai wadda za ta raɗa miki, "'Yar nan, wanne ne na maigida?" Amsar guda ɗaya ce: "Inna, wannan tsakaninki da Allah ne, ga labule can."

Sai maganar lalle. Tawadar shaida a farce ake sa ta, don kada mutum ya dawo ya sake jefawa. To amma macen da ta kwana da hannu a zunguru, ta maimaita kwana biyu ko uku, farcenta ya riga ya yi baƙi ƙirin. Ki shafa tawada sau goma, ba mai gane ta. Malama Tabawa ta ce in haka ta faru, ki sa ta janye hannun riga, ki ja mata layi a wuyan hannu, daidai inda lallen ya tsaya. Nan ba ya ɓoyuwa. Sannan ta riƙe kunnena kamar 'yar aji ɗaya ta ce, "Amma ki ji babbar doka. Duk abin da za ki yi a rumfa, faɗe shi da ƙarfi a gaban ejan-ejan kafin ki yi. Abin da aka yi shiru, ko alheri ne, ranar zaɓe sunansa maguɗi." Ejan shi ne wakilin da kowace jam'iyya ke ajiyewa ya sa ido a rumfa. Na ce to, Malama. Na ɗauka na riƙe.

Zaɓe na uku shi ne na cike gurbi. Kansilan wata mazaɓa a ƙasar Zango ya rasu, saura fiye da shekara wa'adinsa ya cika, kuma doka ba ta yarda kujera ta zauna haka nan ba. Ba zan faɗi sunan garin ba, don mutanensa sun yi mini abin da ba zan saka musu da tonon asiri ba. Ku kuna ganin zaɓen kujera ɗaya ai ya fi sauƙi. Ni ma haka na zata. A babban zaɓe kowa na can yana fama da garinsu. A na cike gurbi kuwa, duk ɗan siyasar da ke ƙaramar hukumar, har da na maƙwabta, ba shi da wani aiki ranar sai wannan mazaɓa ɗaya. Ga shi kansilolin da suka rage sun rabu biyu daidai wa daida, duk ɓangaren da ya ɗauki kujerar shi ke da majalisa. Tun da sassafe babura da motocin haya suka dinga sauke samarin da ba wanda ya san iyayensu a garin.

Mu uku aka tura rumfar, a makarantar firamare: Malam Lawal daga Sandamu shi ne shugaban rumfa, wani malami yana kula da layin maza, ni ina na mata, tunda yanzu layi daban-daban ake yi. Ɗan sanda ɗaya ne, da kulki. Mace za ta shigo aji, in duba katinta, in ja wa sunanta layi, in sa mata tawada, ta dangwala a bayan labule, sannan ta fita baranda ta jefa a akwati. Ejan-ejan suna kan benci a barandar, suna ganin akwati, ba sa ganin teburina.

Kaka ce, an kai amfanin gona gida, kuma a makon an yi biki har biyu a garin. Mace biyar na farko da suka miƙo mini hannu, duk lalle har ya kusa gwiwar hannu. Na san abin yi. Na ɗauki tawada na miƙe zan fita baranda in sanar, sai na hango wanda ke zaune a kan benci: Baba Ilu, ƙanen mahaifin wanda aka sa mana rana da shi. Shi ya jagoranci zuwa neman aurena. Ban san shi ne ejan na ɗaya daga cikin jam'iyyun ba sai a wannan lokacin.

Ku kun san yadda abin yake. Mutumin da ko gaishe shi zan yi sai na durƙusa daga nesa, fuska a rufe, murya ƙasa-ƙasa, shi ne zan tsaya a kansa in ɗaga murya ina maganar hannun mata? Na ce a raina bari layi ya ɗan ragu in raɗa wa Malam Lawal ya faɗa da bakinsa. Na koma na zauna. Layi bai ragu ba. Na ci gaba da ja wa mata layi a wuyan hannu, suna sauke hannun riga, suna mayar da hannu cikin hijabi, suna fita. Kuskurena biyu ke nan a wuri ɗaya: ban sanar da tawadar ba, ban kuma gaya wa shugaban rumfa cewa surukina na kan benci ba.

Ejan na ɗaya ɓangaren wani saurayi ne ɗan garin, Nasiru, mai jar hula. Shi ya lura duk macen da ta zo jefa ƙuri'a ba ya ganin tawada a farcenta. Ya yi shiru yana ƙirgawa har rana ta take. Sannan wani ya raɗa masa ko ni wace ce a wajen Baba Ilu. In da gaskiya za a bi, ko ni ce shi, abin da zan zata ke nan.

Bayan tafiyar Gwaggo Asabe ba a yi minti biyar ba sai ihu ya tashi. "Ba ta sa wa mata tawada! Zagayowa suke yi!" Wani ya ce, "Surukar Ilu ce, an shirya abin tun daga gida!" Matan da ke layi suka watse, wasu har da barin takalma. Malam Lawal ya rungumo akwati ya faɗo cikin ajin da shi, malamin layin maza ya biyo shi da ƙunshin ƙuri'u, muka tura ƙofa muka jera mata bencuna. Dutse na farko ya sauka a kan kwano kamar an harba bindiga.

Ga wani abu da ba a koyarwa a wajen horo, ku riƙe shi. In an rufe ku, kada ku saki rajista. Akwati shi kowa ke hari, amma rajista ita ce shaidarki. Na cusa ta cikin hijabina na zauna a ƙasa ƙarƙashin allo. Malam Lawal ya ce, "Malama Rukayya, don Allah gaya mini gaskiya, kin sa ko ba ki sa ba?" Na gaya masa. Ya dafe kai ya ce, "Innalillahi. To me ya hana ki faɗa?"

Ya leƙa ta taga yana ƙoƙarin yi musu bayani, ba wanda ya saurare shi. "Shi ma an saye shi!" "A fito da ita!" Ɗan sandan yana bakin ƙofa yana ta ba da haƙuri. Sai warin fetur ya shigo mana. Wani daga cikin baƙin samarin yana zuƙo shi daga tankin babur cikin gora, wai akwati za a ƙona. Akwatin kuwa yana kusa da ƙafata.

Sai na ji muryar Baba Ilu daf da taga. Tunda nake, bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba, sai dai ta bakin wani. Ya ce, "Malama! Yau babu suruki a wurin nan, ma'aikaciya ce ke. Ni in na yi magana ba za su yarda ba. Tashi ki buɗe bakinki."

Na tashi ina dafa bango. Na tsaya a taga, hijabina ya zame baya ban ma sani ba. Na ce duk macen da ta jefa ƙuri'a na sa mata tawada a wuyan hannu saboda lalle, kuma laifina ne da ban sanar ba tun da safe. Aka ɗan yi tsit. Sai wani daga baya ya ce, "Ƙarya ne! Ina matan? A nuna mana!" Da mutanen garin ne kaɗai, kowa sai ya je gida ya duba hannun matarsa, magana ta ƙare. To amma masu ihun yawancinsu baƙi ne, ba su da mata a garin, ba su da uwa. Ihu ya dawo sabo.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na san an kira azahar, ba wanda ya motsa. Abin da na fara ji shi ne kukan jarirai da ƙarar silifa, daga bayan makaranta, ta hanyar da Gwaggo Asabe ta bi. Na leƙa. Ita ce a gaba, matsamin ƙosai a hannunta, bayanta mata sun cika hanya, wasu da goyo, wasu hannu duk gari sun baro tuƙi. Ashe ba gudu ta yi ba. Tun da safe ta jefa tata ƙuri'ar, ta san inda na sa mata tawada. Samarin kuma a gaban kaskonta suka tsaya suna shirya yadda za su yi, don mutane suna magana gaban mai ƙosai kamar ba ta da kunne. Shi ne ta bi gida-gida.

Maza suka dare. Wata tsohuwa doguwa ta wuce kowa ta hau baranda. Inna Delu ce, mahaifiyar Nasiru, kuma shi ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunansa. Ta ce, "Kai mai jar hula, zo nan."

"Inna, ki koma gida, nan ba wurin..."

"Na ce zo nan." Ta janye hannun riga ta kai masa har hanci. "Wannan mene ne?"

Ya kau da kai gefe.

"Ba ka gani? Ko sai na aro maka tabarau? To ni ma surukar Ilu ce? Tun da asuba na tashi na zo na dangwala wa mutumin naka, ko kunu ban sha ba, ashe kai kana nan kana shirin ƙona mini ƙuri'a da 'yar mutane a ciki."

Wani ya yi dariya, wasu suka taya shi. Mai gorar fetur ya ja da baya ya ɓace cikin mutane. Amma Nasiru bai sauka nan take ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce, "Inna, taki na gani. Sauran fa?"

Mai unguwa ya iso a daidai lokacin, yana haki, an ɗauko shi daga gona. Ya saurari kowa, sannan ya ce ba za a sa matan aure su buɗe hannu a gaban maza ba. Mata za su shiga aji. Inna Delu za ta tsaya wa ɓangaren ɗanta, yayar Baba Ilu ta tsaya wa nasa, Gwaggo Asabe ta zama ta uku. Gwaggo ta ce, "Ranka ya daɗe, ni dai jam'iyyata kasko." Ejan biyu za su tsaya a waje bakin taga, su juya baya, suna jin suna.

Muka janye bencuna. Na ciro rajista daga hijabi, duk ta jiƙe da gumi. Na dinga kiran duk sunan da na ja wa layi, mai suna ta amsa, ta matso, tsofaffin uku su duba, Inna Delu ta ɗaga murya ta ce, "Akwai!" Suna bayan suna. A nan na gane amfanin ja wa suna layi nan take. A wannan rajistar ma Hauwa Musa huɗu ne, uku na ja wa layi, uku ne da tawada, ta huɗun ta nuna hannunta fes, tana cikin waɗanda suka watse daga layi. Mace biyu kaɗai ba su amsa ba, sun raka amarya wani gari bayan sun jefa. Nasiru da bakinsa ya ce a bar su. Sannan Malam Lawal ya ƙirga guntayen da suka rage a ƙunshin ƙuri'un mata, suka zo daidai da layukan rajista, ba ragi ba ƙari.

Da na je gaishe da Malama Tabawa bayan kwana biyu, na zata za ta yi mini faɗa. Ta ce a nata zaɓen na farko hatimi ta manta a cikin motar haya, kuma ba ta sake manta komai ba tun daga ranar. An rantsar da sabon kansila, wanda bai ci ba ya je ya yi masa murna, kuma ba zan gaya muku ko na wane ɓangare ne ba, don ba aikina ba ne in so ko in ƙi. Sunana yana cikin waɗanda suka sake cike fom. In aka haɗa ni da ɗayarku, biro uku za ta zo da su.

Amma bari in ƙarasa muku ranar. Ladan yana kiran la'asar lokacin da aka kira suna na ƙarshe. Mai unguwa ya leƙo ta ƙofa ya ce, "Malama, kina ina?" Na matso na durƙusa. Ya ce, "Tashi. Ba mai taɓa ki a garin nan, yau ko gobe. Ga mata can da ba su jefa ba suna jiranki, koma kan teburinki."

Ban koma kai tsaye ba. Na ɗauki tawada na fita baranda, inda Baba Ilu da Nasiru suka koma kan bencinsu, kowa ya kama gefe. Na tsaya a gabansu, na ɗaga ta sama na ce, "Jama'a ku shaida, duk mai lalle a wuyan hannu zan sa mata."

Baba Ilu bai ɗago kai ba, ya ce, "Mun ji, Malama."

Nasiru ya cire jar hularsa ya share gumi. Ya ce, "Mun shaida."

Hauwa Musa ta huɗu ita ce a gaban layi, ta riga ta janye hannun riga.